Malam Atiku Mai Amsa wa Kansa

Bagudo,
farkon damina.

Zuwa ga taubashiyata Dela, uwar hayaƙi, a Malanville.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara, da kifayen da kike bandawa ba su ji ba ba su gani ba. Mu nan lafiya lau. Matata Halima ce ta yi fama da ciwon haƙori, an cire shi, yanzu ta dawo faɗa kamar da. Ruwa ya sauka, kowa ya yi gona.

Na bi umarninki na rubuto takarda, tunda kin ce kin daina ɗaukar wayata, wai in na kira ki ni ke cewa "ina gajiya" kuma ni ke cewa "ba gajiya". Sharri ne, amma na yafe. Kakarki ƙanwar kakana ce, kuma kowa ya san jikar mace ba ta da gado sai baki. Namadi direba zai riƙa kawo miki takardata duk ranar kasuwar Lolo.

Albishirinki. Na san za ki ce goro, don haka na wuce. Kin san shekara da shekaru ni kaɗai nake koyar da kiɗa da waƙa a makarantar Hajiya Hamsatu, daga ni sai gurmina a gindin mangwaro. To Hajiya ta buɗe reshe a Lolo da Matsinkai, ta ɗauki malaman kiɗa uku, ta naɗa ni shugabansu. Akwai Zulkiflu, ɗalibina na farko, wanda ni na fara rataya masa kalangu tun kalangun ya fi shi girma. Shi ke Matsinkai. Malama Rukayya mai zaƙin murya tana Lolo. Bunyaminu mai sarewa yana nan tare da ni. In zango ya ƙare za a yi bikin yaye ɗalibai a Lolo, yaran makarantu uku su haɗu a waƙa ɗaya, ni in bayar, su da malamansu su amsa. Hajiya ta ce in iyaye suka ji daɗi kiɗa ya zauna, in ba haka ba ta mayar da lokacin na lissafi.

Sai dai Dela, mutanen nan suna da nauyin baki. Duk Asabar muke haɗuwa gwaji. In na kai ƙarshen baiti sai in ga bakinsu bai ko buɗe ba, ni kuwa ba na iya barin waƙa tsirara, sai in yi amshin da kaina. In Zulkiflu ya ɗaga gula zai buga, tun tana sama nake ganin inda za ta sauka ba daidai ba, sai in karɓa in nuna masa. Kullum ni ke komawa gida murya a shaƙe, su kuwa garau.

Ke da kike juya mata birjik a wajen banda, yaya ake sa mutane su yi aiki? Ki ba ni shawara, ko da yake daga bakinki ba na sa ran alheri.

Ki gaida kowa.
Naki, ubangidanki,
Atiku Baƙo.

Malanville,
ranar Juma'a.

Zuwa ga Atiku mai baki biyu.

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, tana warin man fetur da albasa. Muna lafiya, sai gwiwata da ke tuna mini shekaru in hadari ya haɗu. Maigidan yana gaishe ka. Ka ce wa Halima sannu da haƙori, kuma sannu da zama da kai, wanda ya fi haƙorin ciwo.

Goron albishir tunda kai ka tambaya kai ka amsa, ka saya ka ci. Amma na yi murna, wallahi. Shugaba guda a zuriyarmu! Na faɗa wa matan wajen banda, Sa'adiya har da guɗa, ko da yake ta ɗauka shugaban kwastan aka ba ka.

Wai mutanenka suna da nauyin baki. Atiku, ni za ka faɗa wa? Na tuna lokacin da ake kai mu hutu gidan kaka a Lolo. In aka zauna tatsuniya kai ke cewa "ga ta nan ga ta nanku", kafin mu ja numfashi ka ce "ta zo mu ji ta". Mu dai namu ido. Har yau ban san ko ina da baiwar tatsuniya ba.

Ga shawarata tunda ka nema. Mutum irinka ai ɓarna ce ya tsaya jiran na ƙasa da shi. Ka rataya kalangu a hammata, ka riƙe gurmi a hannu, ka ɗaura caki a ƙafa, sarewar kuma ka sa ta a hanci tunda bakin yana da aiki biyu. Malaman su sami inuwa su zauna, a saya musu gyaɗa, su ga yadda ake yi. In Hajiya ta ga haka, reshe za ta ƙara maka har Kamba.

Zancen ubangida kuma ka bari sai mun haɗu, na ga wanda zai ɗauki kayan wani.

Taka,
Dela.

Bagudo,
ranar Lahadi.

Zuwa ga Dela.

Assalamu alaikum. Ina fatan gwiwa ta yi sauƙi. Ki riƙa gasa ta da ruwan ɗumi. Mu nan lafiyar jiki dai akwai ta.

Da na karanta takardarki na ce ashe hayaƙi bai gama cinye miki ƙwaƙwalwa ba. Na ga hikimar abin: ɗalibi da ido yake koyo, to malami ma haka. Don haka jiya a wajen gwaji na yi yadda kika ce. Gyaɗar ma na saya. Sarewa a hanci ce kawai ba ta yiwu ba, na gwada a gida, Halima ta ce in zaɓa, ko ita ko sarewar.

Na tsaya tsakiyar fili, kalangun makaranta a hammata ta hagu, gurmi a hannu, caki a ƙafa biyu. Na bayar, na amsa, na buga, na taka. Dela, ban taɓa jin waƙar nan ta tafi daidai irin jiya ba, babu inda aka makara. Yara suka yi ta dariya har wasu na birgima, na ɗauka jin daɗi ne. Mutanen da ke wucewa suka tsaya, wata tsohuwa ta tambayi Malama Rukayya ko maganin basir nake sayarwa.

Da na gama ina haki, sai Zulkiflu ya taso daga inuwa, ya cire kalangunsa ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce, "Ga shi, Malam. Akwai sauran hammata guda, kar ta zamna banza." Na ce masa madalla da ladabi. Sai a kan babur, ina tsakiyar hanya, maganar ta iso mini.

Yau da hantsi ya zo gida. Ya ƙi hawa tabarma, ya tsuguna a ƙasa kamar lokacin da yake yaro. Ya ce, "Malam, kai ka koya min kiɗi, ba ni mance wannan har kushewata. Amma tun da anka ba ni aikin ga, hannuna bai taɓa kai ƙarshen kiɗi ba. Yarana na Matsinkai sun hwara tambaya ta ko na iya. Mi nika yi nan?" Na buɗe baki, ya ce in yi haƙuri in bari ya ƙare, yau ɗaya. Ya ce in an gama biki garin Dole Kaina za shi, wajen kawunsa mai gyaran babur. "Shi ko in ya ba ka sifana, ba ya karɓewa."

Malama Rukayya da Bunyaminu sun aiko cewa in Zulkiflu ya tafi su ma ba su ga wurin zama ba. Hajiya ta ji labari, ta kira ni ta ce ita malamai huɗu ta ɗauka, ba dodon gona ɗaya ba, kuma in suka tafi ba ta neman wasu.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Yaron nan ni na wanke masa hannu ranar da tsarkiyar kalangu ta fara yanka shi. Ban taɓa nufinsa da wulaƙanci ba. Shawararki ce ta kawo nan, sai ki faɗa mini inda na kuskure a cikinta. Ko cakin ne ya yi yawa?

Ki amsa da wuri.
Atiku.

Bagudo,
ranar Talata.

Dela,

Sallama da gaisuwa. Kasuwa ta ci ta sake ci, babu takardarki. In fushi kike yi don na ce shawararki ce, to na janye rabi. In kuma ciwo ne, Allah ya sawwaƙe, ki sa a sanar da mu. Na kira wayarki, wata murya ta yi ta yi mini Faransanci.

Gwaji ya zama zaman makoki. Malaman suna zuwa, su gaishe ni da ladabin da ya fi zagi ciwo, su ja yara can gindin wata tsamiya. Ina jiyo su suna 'yar waƙa ƙasa-ƙasa suna dariya, da na matso sai a yi tsit. Zulkiflu har ya fara zuwa da baƙin mai a farce. Biki ranar Asabar ne.

Ba na iya cin abinci. Halima ta ce wannan ne karo na farko da ta ga bakina ba ya aikin komai.

Atiku.

Malanville,
ranar Alhamis.

Atiku,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, ciwon ɗaya ne, kai. Ruwa ne ya cinye hanya, Namadi bai samu wucewa ba sai makon nan, shi ma motarsa ta kwana biyu a laka, takardunka suka iso tare a jiƙe, sai da na shanya su a kan ragar banda. Na karanta ta farko na yi dariya har hawaye. Na karanta ta biyu dariyar ta tsaya.

Innalillahi! Atiku, wasa nake yi! Tun yaushe taubashiya ta zama malamar fatawa? Mutum da furfura a gemu a ce masa ya sa sarewa a hanci, ya tafi ya gwada? Da na ce ka faɗa kogin Kwara da yanzu muna zaman bakwai.

To buɗe kunne, yanzu ba wasa. Matan da ke aiki da ni, in na tsaya a kansu kifi ƙonewa yake yi, don kowace ni take kallo, ba wuta ba. In na tafi bakin ruwa ciniki, na dawo na tarar ya yi ja ya yi kyau. Mutanenka ba nauyin baki gare su ba. Bakinka suke kallo, sun san kafin su buɗe nasu ka riga su, to wa zai wahalar da kansa? Kai da kake malamin waƙa ka fi ni sanin amshi ba naka ba ne. Wurin nan da kake cewa waƙa ta yi tsirara, ai nan ne ɗakinsu, kai kuma kullum kana ciki da takalmi.

Yaron nan ba babur yake so ba. Wanda ke son tafiya ba ya zuwa ya tsuguna.

Ga ƙullin bandar kifi nan na ba Namadi, mai ƙaya ce sosai. Tunda ba ka iya rufe baki don Allah, in ka kai ƙarshen baiti ka jefa guda a ciki. Ban taɓa ganin mai ƙaya a baki yana waƙa ba.

Allah ya ba da sa'a. Ka rubuto ko me ya faru.
Dela.

Bagudo,
ranar Litinin.

Zuwa ga Dela, uwar hayaƙi, 'yar albarka.

Assalamu alaikum. Muna lafiya, in ban da dasashina da ke ɗan kumbure, za ki ji dalili. Takardarki da ƙullin sun same ni ranar Juma'a da la'asar, babu sauran lokacin gwaji. Ban faɗa wa kowa komai ba. Na ɓare kifi na cika aljihun babbar rigata, wadda Halima ta sha wahalar guga.

Ranar Asabar filin makarantar Lolo ya cika maƙil. Iyaye, masu unguwanni a kujerun gaba, Hajiya da baƙinta daga Birnin Kebbi, har Fulani masu tallan nono sun sauke ƙwarya sun tsaya. Yara suka jeru bayana, malamansu a gefe, kowa fuska kamar an aiko shi biyan tara. Tun kafin a fara kuliyoyin makarantar suka gano ni, biyu suka zauna a gabana suna kallon aljihu.

Na kaɗa gurmi, na ɗaga murya na bayar:

"Kwara ta kawo, gero ya yi kai,
Yaran Hajiya sun zo da gaisuwa."

Amshin yana kan harshena, har ya taso. Na cusa hannu aljihu na jefa kifi a baki.

Dela, babu wanda ya amsa. Ko mutum ɗaya. Ashe duk watannin nan yaran ba su taɓa rera amshin da bakinsu ba, sun saba in na bayar su jira in karɓa. Fili ya yi tsit, kana jin kukan akuya daga bayan kasuwa. Hajiya ta sauke tabarau. Na yunƙura in ceci waƙata, ƙaya ta ce ba ka isa ba, ta tokare mini dasashi. Ga ni tsaye gaban manyan gari, kumatu a cike, gumi na zuba, ina tauna. Wani mai unguwa ya duƙa ya tambayi na kusa da shi ko cikin shirin ne.

Na juya na dubi Zulkiflu. Shi ma ni yake kallo, gula a sama, yana jiran in karɓe kamar kullum. Na kaɗa masa kai. Ya ƙara jira. Na sake kaɗawa, hawaye na zubo mini, rabi na ƙaya rabi ban san na mene ne ba. Sai na ga ya gyara tsayuwa, ya matse kalangu, ya sauke gula. Amma ba kiɗana ya buga ba. Malama Rukayya ta zaro ido, ta dube shi, ta dube ni, sannan ta ɗaga hannu, yara suka ɓarke gaba ɗaya:

"Numfasa Malam, mun karɓa!
Sha iska Malam, mun karɓa!"

Wato waƙar gindin tsamiya ce, wadda suke yi mini shaƙiyanci da ita. Ita kaɗai ce amshin da yaran suka taɓa gwadawa. Bunyaminu ya shigo da sarewa, filin ya ɗauka, mata na guɗa, masu nono na rawa. Na samu na haɗiye, na ba da baiti na biyu, na sake jefa kifi. A baiti na huɗu ban jefa ba. Tsayawa kawai na yi ina saurare, har na kusa manta shigata.

Ban san yadda zan faɗa miki ba. Shekara da shekaru ina rera waƙa, ban taɓa jin ta tana dawo mini daga bakin wani ba. Ashe daɗi gare ta.

Hajiya ta ce kiɗa ya zauna, amma in daina cin abinci a gaban baƙi. Da aka watse Zulkiflu ya zo yana sunkuyar da kai, wai in yafe musu rashin kunya. Na ce masa a baiti na uku ya yi saurin shiga. Ya ce, "Na sani, Malam. Haka nika son shi." Na jira ya ce zai gyara, bai ce ba. Ni ma ban karɓi gular ba. Ya ce ya aika wa kawunsa ya nemi wani yaron.

Na gode da maganin nan. Ki aiko da wani ƙullin, akwai maulidi a gaba.

Naki,
Atiku.

Malanville,
ranar Juma'a.

Atiku,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke, sai cikina da ke ciwo saboda dariya. Na karanta wa matan banda takardarka, an yi asarar raga guda ta kifi.

Bawan Allah, kifin nan na miya ne. Halima na aika wa. Maganar jefawa a baki ita ma wasa ce, zancen da ke tsakiyar takardar ne kawai na gaske. Daga yau in zan yi maka wasa sai na sa liman ya shaida. Ba na aiko da wani ƙulli, ka koyi rufe baki da ƙarfin imani kamar sauran Musulmi.

Amma bari in faɗa maka abin da na gani. Jiya na shiga motar Namadi zuwa bakin iyaka sayen itace. Muna tafe sai ya fara buga sitiyari yana rera baitin Kwara ta kawo. Yana kai ƙarshe ya yi shiru, motar nan kaf ta ɗauka, "Numfasa Malam, mun karɓa!" Har wani mutumin Kandi da ba ya jin Hausa yana yi. Wata mata a kusa da ni ta tambaya waƙar wa ce. Aka ce mata ta su Zulkiflu ce, yaran Matsinkai da Lolo. Babu wanda ya ambaci sunanka.

Na buɗe baki zan ce ɗan'uwana ne ya koya musu. Sai na ji ana zuwa wurin amshi, na bari, na karɓa tare da su.

Ka gaida Halima da malamanka uku.

Taka har kullum,
Dela.